Wa Ke Abokin Wa? Zumuncin Manyan Makaɗanmu a Zamanin Faifan Garmaho

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan'uwa da suka ce data ba ta isarsu su saurara, da kuma masu son su bi magana a tsanake.

Akwai wata magana da nake yawan ji duk sadda mawaƙan zamani biyu suka kaure da cacar baki a waya. Sai ka ji wani dattijo, ko ma yaron da bai cika talatin ba, ya ce, "Allah Ya jiƙan su Shata, su a lokacinsu kansu haɗe yake." To yau ita nake so mu ɗan juya mu ga cikinta. Manyan makaɗan nan da muke kewa, da gaske abokan juna ne? In kuwa akwai abota, tsakanin wa da wa take?

Bari mu fara da sanin lokacin da nake nufi. Ina maganar daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Kafin nan makaɗi iyakarsa inda ƙarar gangarsa ta tsaya, sai fa in ya ɗaura wa jaki kaya ya tafi yawon kiɗa. A wannan tsakanin ne abubuwa suka haɗu masu. Fada tana da sauran ƙarfinta, kuɗin gyaɗa da auduga na yawo a hannun jama'a, hanyoyin mota sun buɗe. Sai ga gidan rediyon Kaduna an buɗe shi a 1962, ga faifan garmaho, daga baya ga kaset. Mutumin da ke waƙa a Isa ko Maradun sai a ji shi a Kumasi, a ji shi a Sudan. Lokacin ne Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Mamman Sarkin Taushin Katsina, da Ɗan'anace, da Mamman Shata, da Ɗanmaraya Jos, da Haruna Uji, da Barmani Choge suka zama sunayen da kowane gida ya sani. Mu nan Dabawa, da maƙwabtanmu na Dutsin-Ma da Kurfi, Shata ɗan gida muke ɗaukarsa, don Musawa inda aka haife shi a 1923 ba wata uwa duniya ba ce daga nan. Iyayenmu in sun kunna rediyo mai batir da daddare a ƙofar gida aka sako shi, kamar muryar maƙwabci suke ji.

To, gaskiyar farko da zan faɗa, wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba: sana'ar ba ta ginu a kan manya su yi abota da juna ba. Dubi yadda abincin yake zuwa. Makaɗin fada ubangida ɗaya gare shi. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Mamman Sarkin Taushi na Sarkin Katsina Usman Nagogo ne, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Dokin da za a bayar ran Sallah guda ne, babbar rigar da sarki zai tuɓe guda ce, kujerar Makka ma ba a ba kowa. Duk baƙon makaɗin da ya sauka a garin, komai fara'ar da aka tarbe shi da ita, tuwon wani ya zo gutsura. Shi ya sa zambo da habaici suke cikin jinin waƙar. Makaɗi yana yi wa abokan hamayyar ubangidansa zambo, yana kuma yi wa nasa abokan hamayyar. Ku duba, Narambaɗa yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, Shata ma yana da tasa Bakandamiyar. Kowace ka saurara, mai ita kansa yake wasawa, yana gaya wa sauran mawaƙa su san tsayinsu. Mutumin da ya ɗauki mintuna yana shelar cewa babu na biyunsa, ai ba ƙungiyar zumunta yake kafawa ba.

Akwai kuma maganar daraja. Kayan kiɗan kansu ba matsayinsu ɗaya ba. Taushi da kotso da jauje na sarakuna ne, galibi gado ake yi. Kalangu kuwa an san shi da mahauta da 'yan dambe da dandalin 'yanmata. Shata bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma bai so ɗansa ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ne. Yaron ya yi tallar goro, ya yi tallar alewa, ya fara waƙa a dandali, sannan ya ɗauki kalangun nan na mahauta ya shiga da shi har gaban sarakuna. Ku sa kanku a matsayin wanda kakansa ya buga wa sarki taushi, ubansa ya buga, shi ma yana bugawa, sai ga wannan an fi yi masa kari. Ni dai ban ga yadda zuciya za ta yi fari tas ba.

Ba ina cewa gaba suke yi ba. Akwai mutunci, kuma mutuncin na gaske ne. Suna haɗuwa a naɗin sarauta, da bikin 'ya'yan manya, da gidan rediyo, da manyan tarukan gwamnati. Ƙarami yakan je ya gaida babba. In babba yana fage ba a kafa wani kiɗan a gefensa. Amma Bahaushe ya bambanta mutunci da aminci. Wanda kuke gaisawa daban, abokin kuka daban.

Don kada ku ce abin na Hausa ne kawai, mu leƙa Amurka a daidai wannan lokacin. Akwai wasu taurari da duniya ta ɗauka su ne ƙarshen abota: Frank Sinatra, da Dean Martin, da Sammy Davis ƙarami, da Peter Lawford, da Joey Bishop. A farkon 1960 da rana suna ɗaukar fim tare a Las Vegas, da dare su hau dandamali ɗaya a otal ɗin Sands suna waƙa suna tsokanar juna. Kuma akwai amana a ciki. Sammy baƙar fata ne, a zamanin da baƙi kan yi wasa a otal amma a hana shi kwana a ciki, Sinatra ya tsaya masa, har shi ne babban abokin ango ranar da Sammy ya auri Baturiya a ƙarshen 1960. To amma me ya raba Sinatra da Lawford? Lawford yana auren 'yar'uwar Shugaba Kennedy. A 1962 an shirya shugaban zai sauka a gidan Sinatra, mutumin ya kashe kuɗi ya gyara gida, sai aka sauya aka kai shugaban gidan wani mawaƙin, Bing Crosby. Lawford ne ya kai saƙon. Daga ranar Sinatra ya yanke shi. Kun ji fa. Can ma a kan kusanci da sarki aka ɓata.

To in ba tsakanin manya ba, ina abotar take? Ni a iya sauraron da na yi, tana bayan jagora. Tana cikin mutanen nan da mai gabatarwa a rediyo ba ya kiran sunansu, sai dai ya ce "wane da jama'arsa".

Mu ɗauki gidan su Ɗanƙwairo, don nan abin ya fi fitowa. Musa a ƙasar Bakura aka haife shi, kiɗa kuma gadonsu ne. Mahaifinsu Usman makaɗi ne, gidan ya zauna ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Da uban ya kau, wansa Abdu Kurna ne ya zama shugaba, Musa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki, wanda ke riƙe ƙungiya in shugaba ba ya nan. Shekaru ya yi yana bayan wansa yana karɓi, alhali muryar da Allah Ya ba shi kowa yana jinta. Shi kansa laƙabin Ɗanƙwairo, daga wani mai zaƙin murya da ya yi wa mahaifinsu amshi aka samo shi, mai suna Ƙwairo. Wato sunan da duniya ta san shi da shi, sunan ɗan amshi ne. Daga baya ya kafa tasa ƙungiyar, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙin da suka kai sunansa ko'ina a Arewa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya ci gaba har rasuwarsa a 1991. Ƙane ya zarce wa a suna, amma har yau in ana lissafin makaɗan Maradun tare ake kiransu, Kurna da Ɗanƙwairo.

Yanzu ku je ku sake sauraron kowace waƙar Ɗanƙwairo, amma wannan karon ku bar muryarsa, ku bi ta mutanen bayansa. Za ku ji abin mamaki. Shi yakan ɗauko magana ne ya kai ta rabi ya sake ta, su su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari a kai, sannan su gangaro da ita kan gindin waƙa. Haka Narambaɗa yake, haka Jankiɗi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi dogon bayani a kan wannan tsari na jagora da 'yan amshi, da gindin waƙa da ɗiyanta. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, ba a iya wannan da baƙo. Sai wanda kuka kwana a zaure ɗaya kuna tsara waƙar, kuka yi tafiyar kwana da kwanaki tare, ya san inda numfashinka ke yankewa, ya san in ka ɗaga gira me kake nufi. In ɗan amshi ya yi fushi da kai ya ja bakinsa na daƙiƙa ɗaya a gaban sarki, ya gama kunyata ka. Kullum mutuncin jagora a hannun mutanensa yake, kuma kullum suna mayar masa da shi lafiya. In wannan ba aminci ba ne, ban san me za mu kira shi ba.

Kuma ba da fatar baki ake riƙe shi ba, da rabo ake riƙe shi. Abin da aka samu a fage gaban shugaba ake tara shi. Shi zai fitar da nasa, ya ba Daudu, ya bi makaɗa da 'yan amshi da sanƙira kowa gwargwadon matsayinsa. In riguna ne a duba wa ya daɗe bai samu ba. In matar wani ta haihu, ragon suna yana wuyan shugaba. Ƙungiyar da ta yi shekara ashirin ba ta watse ba, to a tabbata mai ita yana da adalci wajen rabo, domin makaɗin da aka cuta ba ya kai ƙara, gangarsa yake ratayawa ya koma bayan wani.

Na Shata kuma wani salon ne. 'Yan amshinsa ba sa ƙarasa masa magana, amshi ɗaya suke maimaitawa, shi yana zuba ɗiya yadda ya ga dama. An san shi da cewa ba ya zama ya tsara waƙa, a fage take zo masa. Sai ka ce to ai shi bai dogara da kowa ba. Ina! Nasa ma ya fi haɗari. Mutumin da shi kansa bai san abin da zai faɗa nan da minti ɗaya ba, yaya mai kalangun da ke bayansa zai yi? Dole ya karanci kafaɗarsa. Kalangu ganga ce mai magana, ana matse tsarkiyarta a hammata ta hau ta sauka kamar harshe, don haka makaɗin yana iya jefa wa mawaƙi kalma, yana iya tuna masa sunan da ya tsallake, yana iya cike masa gurbi kafin wata maganar ta zo. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta. Amma duk sadda na ga hotonsa da hular nan ta dakta, hammatar masu kalangu nake tunawa.

Ɗanmaraya ne ya fita daban. Adamu, haifaffen Bukur a 1946, iyayensa sun rasu yana ƙarami, sunan nasa ma ya faɗa. Shi da kuntiginsa ne, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi, ba sanƙira. Ba mamaki da ya zama shi ne mawaƙin karen mota da mai akwai da babu da halin ɗan Adam. Wanda ba ya ciyar da runduna ba dole ne ya yabi mai doki ba. A wajen mata kuwa, Barmani Choge ta Funtuwa da matan da ke buga mata ƙwarya sun ɗauko zumuncin biki ne na cikin gida, irin na ki zo nawa in zo naki, suka fito da shi fili.

Sai dai akwai wuri ɗaya da shahararru biyu suka manne wa juna har ba a kiran ɗaya a bar ɗaya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ɗan'anace da Shago.

Ɗaya makaɗi, ɗaya ɗan dambe, duka daga ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci. Kada wani ya ce ɗan dambe ba ɗan wasa ba ne. Da kaka, in an gama girbi, dambe shi ne sinimar ƙauye. 'Yan dambe kan bi gari gari da makaɗansu, a yi da'ira, mai kalangu ya saki taken mutum, tsigar jikinsa ta tashi, ya fito yana kirari hannu a naɗe da zare. Abin da ya sa abotar waɗannan biyu ta yiwu shi ne ba tuwo ɗaya suke ci ba. Kowannensu yana buƙatar ɗayan ya yi girma. In Shago bai yi kisa ba, wato bai kai abokin karawarsa ƙasa ba, Ɗan'anace ba shi da abin faɗa. In Ɗan'anace bai faɗa ba, kisan ya tsaya a idon waɗanda suka je kallo, ya bi iska. 'Yan dambe nawa aka yi masu ƙarfin Shago, ko ma waɗanda suka fi shi? Allah kaɗai Ya sani. Amma yau yaron da bai taɓa ganin ko hotonsa ba ya san sunansa, ya san na Ɗandunawa da suka kara, har in ɗan dambe ya yi fice a yanzu sai ka ji an laƙaba masa Shago.

Kuma ku dubi nauyin abin. Aikin makaɗin maza zuga ne. Shi ne zai tsaya a gefen fage ya raina wa mutuminsa mutuwa, ya hana shi ja da baya, ya tura shi gaban wanda zai iya fasa masa muƙamuƙi. Wane irin aboki ne wannan? Uwar Shago da za a tambaye ta, ƙila ba za ta kira shi masoyin ɗanta ba. Amma shi ɗan damben ya yarda da cinikin: ni in ba da jikina, kai ka ba ni suna. Kowa ya cika alkawarinsa. Masu kallon finafinan Indiya na da za su gane wannan. Raj Kapoor ke fitowa a allo, Mukesh ke rera masa waƙa daga baya, har mutane suka daina raba fuskar da muryar. Da Mukesh ya rasu a Amurka a 1976, abin da aka ruwaito daga Raj Kapoor shi ne muryarsa ce ta tafi.

Me ya canja a yau? Mutane suna cewa tarbiyya. Ni ina ganin kayan aiki ne suka fara canjawa. Tun daga shekarun 1990, da fiyano ya shigo situdiyoyin Kano, yaro ɗaya da na'ura yana yin aikin mutum goma. Amshi ma mawaƙi na iya yi wa kansa, a ɗora murya kan murya. Babu Daudu, babu zaman rabo, babu wanda zai ja ka gefe bayan an tashi ya ce maigida yau ka yi wa wane ba daidai ba. Kishin da ke tsakanin manya yana nan yadda yake tun zamanin Narambaɗa. Mutanen bayan ne suka ragu. Kuma habaicin da, sai mai hankali ya zauna ya warware shi ya gane da wa ake. Na yanzu da suna da hoto yake zuwa.

Saura guda, ita ce alaƙar mawaƙi da ubangidansa. Yawanci ciniki ce, yabo a ba ka, rowa a sha zambo. Shata ya yi wa ɗaruruwan mutane waƙa, sarakuna da attajirai da direbobi irin su Bawa Direba, har da Sarkin Bori Sule, kuma an san shi ba ya ɗaukar raini ko daga wa. Amma tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado a 1966, abin ya wuce na maroƙi da mai bayarwa. Ya yi masa waƙa ba ɗaya ba, ya yi wa iyalinsa, Daura ta zama masa gida. Shata ya zauna a Bakori, ya yi gida a Funtuwa, ya yi a Kano. Da ciwo ya ci ƙarfinsa an kai shi har Jidda neman magani, aka dawo da shi. Ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999. Ba a kai shi Musawa inda aka yanke cibiyarsa ba, ba a kai shi Funtuwa ba, ba a bar shi a Kano ba. Daura aka ɗauki gawarsa aka kai, garin Sarki Bashar, can aka yi masa sutura. Sarkin ya yi kusan shekara takwas a bayansa, ya rasu a 2007, shi ma a Daura yake kwance.

Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Mu kwana nan.